Waya, tabulet ko laftof: wanne ɗalibin aikin lafiya zai fara saye?

Da zarar yaro ya samu gurbin karatun likitanci, ko yarinya ta shiga kwalejin nas da ungozoma, ko makarantar koyon kiwon lafiyar al'umma, bayan kuɗin rajista abu na gaba da ake kai wa Baba shi ne maganar na'urar karatu. Wani ya ce laftof, wani ya ce ai yanzu kowa iPad yake riƙewa, wani kuma ya ce wayar da ke hannunsa ma ta isa. Kuɗin da ke ƙasa kuwa, tun da darajar naira ta faɗi a 2023, da ƙyar yake isa abu ɗaya mai kyau. Idan an yi sa'a sosai, biyu.

Ra'ayina a gaba ɗaya shi ne a fara da waya mai kyau ta Android, a bi ta da laftof ko da na hannu ne, tabulet ta zo ta uku. Amma akwai waɗanda wannan jeri bai dace da su ba, kuma dalilan sun fi jerin kansa amfani.

Kwamfutar aljihu ba sabon abu ba ce a asibiti. Tun da Palm Pilot ta fito a 1996 likitoci a Amurka suka rungume ta, musamman bayan da manhajar magunguna ta Epocrates ta zo a ƙarshen shekarun 1990. Abin da suke nema a wurinta ba mai yawa ba ne: a tsaye a bakin gadon mara lafiya, a duba adadin maganin da ya dace da nauyin yaro, a ga ko wannan ƙwaya tana rikici da waccan, a mayar aljihu. Wannan aikin yau waya ce ta gaje shi baki ɗaya. Yayin tabulet kuma ya taso ne a 2010, shekarar da iPad ta fito, lokacin da makarantun likitanci na jami'ar Stanford da ta Kalifoniya da ke Irvine suka raba wa sababbin ɗalibansu. Abin da masu kawo wannan misali ba sa faɗa shi ne, waɗancan ɗalibai ba su da matsalar wuta ko intanet, kuma iPad ɗin ƙari ce a kan kwamfutar da suke da ita, ba madadinta ba. Ɗalibin da ke Shika ko Sakkwato ko Maiduguri lissafinsa daban ne.

Mu fara da waya, tunda ita ce ba makawa. Jadawalin lakca, sauyin aji, takardun da malami ya turo, jerin masu kwanan aiki, duk ta zauren WhatsApp na aji suke zuwa. A ɗakin marasa lafiya kuma ita kaɗai ce ke shiga aljihun farar riga a fito da ita da hannu ɗaya. Manhajar Medscape kyauta ce, tana da bayanin magunguna da na cututtuka da lissafe-lissafen asibiti. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana da manhajar jagororin magani da ke aiki ba tare da intanet ba, da Turanci da Faransanci, wanda ya sa ta dace da ɗalibin Kano da na Maraɗi duka. Ga ungozoma akwai Safe Delivery App ta gidauniyar Maternity Foundation ta ƙasar Denmak, wadda ke nuna yadda ake tunkarar zubar jini bayan haihuwa da farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba ta hanyar gajerun bidiyo, kuma da an sauke ta shi ke nan ba ta buƙatar data. Sai Anki, manhajar katunan bita da ɗaliban likitanci a duniya suka maƙale wa, mai dawo maka da tambaya daidai lokacin da ka kusa mantawa da amsarta. A layin jiran mota ko kafin malami ya shigo, minti goma ya isa a bi kati hamsin. Babu laftof ɗin da zai yi maka wannan.

Me ya sa na nace a kan Android ba iPhone ba? Ba maganar kyau ko ƙarfi ba ce. Manhajojin tattara bayanan lafiya da ake aiki da su a ƙasashenmu kusan duk na Android ne: ODK Collect da KoboCollect da ake cike tambayoyin bincike da su, manhajar waya ta DHIS2 wanda a kansa Najeriya ke tara alƙaluman asibitocinta, da SORMAS da aka ƙirƙiro bayan annobar Ebola ta 2014 don bin diddigin cututtuka masu yaɗuwa. Duk wanda ya taɓa aikin rigakafin shan inna a Arewa ya san yadda aka dinga bin sawun ayarin masu allura da wayoyi don a tabbatar sun shiga kowace unguwa da kowace ruga, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da cutar ta asali a watan Agusta na 2020. Ɗalibin kiwon lafiyar al'umma da ya je neman aikin wucin gadi na tattara bayanai, tambayar farko da za a yi masa ita ce ko yana da wayar Android. Hatta Anki ɗin ma, ta Android kyauta ce, ta iPhone da iPad kuwa sai an biya kusan dala 25.

Wajen zaɓen wayar, kada kyamara ta ruɗe ka. Abin dubawa shi ne ma'adana, kada ta gaza 128GB, domin littattafai da bidiyon lakca suna cinye wuri da sauri. Batir ya kai 5,000mAh, wanda yanzu yawancin Tecno da Infinix da Samsung da Redmi masu matsakaicin farashi suna da shi. Sai RAM, wato ƙwaƙwalwar da waya ke gudanar da manhajoji da ita, kuma nan ne ake yi wa mutane wayo: za ka ga an rubuta 8GB da manyan baƙi a kwali, amma a ƙasa da ƙanana an sa 4+4. Huɗun farko ne na gaske, huɗu na biyun aro ne daga ma'adana, kuma ba su da saurin na ainihi. Na gasken ka tambaya.

Inda waya ke kasawa kuwa a fili yake. Littattafan ilimin sassan jiki da na aikin gaɓoɓi manya ne, shafi sama da dubu, kowane shafi an raba rubutunsa gida biyu ga zane ga jadawali. A fuskar inci shida sai ka ja dama, ka ja hagu, ka buɗa, ka matse, kafin ka gama sakin layi ka manta farkonsa. Ana iya yi na rabin awa, amma wanda zai zauna awa biyar yana shirin jarrabawar MBBS ta biyu, wato babbar jarrabawar ɗaliban likitanci, zai gane kurensa. Ga kuma shagala. Na'urar da kake karatu a kanta ita ce dai wadda saƙo ke shigowa, ita ce mai TikTok, ita ce Mama ke kira. Akwai kuma abin da ba a rubuta a ko'ina ba amma kowa ya sani: idan ka fito da waya ana tsakiyar zagayen duba marasa lafiya, babban likita ba zai ɗauka magani kake dubawa ba, haka ma dattijon da ke kwance. Kalma ɗaya tana warware wannan: "Ranka ya daɗe, bari in duba adadin," ko "Baba, maganinku nake tabbatarwa."

Tabulet ita ce gwanar karatu, wannan ba gardama. Fuskar inci goma ko sha ɗaya tana ɗaukar shafin littafi cikakke kamar yadda aka buga shi. Hotunan ƙwayoyin jiki da aka ɗauka ta madubin likita, hoton ƙirji, zanen bugun zuciya, duk sun fi fitowa a kanta, kuma da yatsa biyu ka buɗa inda kake so. Mai alƙalami kuma ta ƙara wani abu: ka buɗe takardar malami ka yi rubutu a gefenta, ka zana hanyar da jijiya ta bi da launi daban-daban, ka goge ka sake daga ka har ta zauna. Ga wanda ke shekara ta biyu da ta uku ta likitanci, lokacin da rayuwa ba komai ba ce sai haddar sassan jiki da sinadaransa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba ta da nauyi, ana iya kwanciya da ita, ba ta da fankar da ƙurar hunturu za ta toshe.

Babban abin da take da shi a kan laftof, a wurinmu, shi ne wuta. Bari mu yi lissafin a sauƙaƙe. Fawa-bank mai 20,000mAh yana ɗauke da kusan wat-awa 74, kuma ba duka yake bayarwa ba, wani kaso yana tafiya a zafi. Batirin waya mai 5,000mAh kusan wat-awa 19 ne, saboda haka za ta cika sau biyu da rabi zuwa uku. Tabulet mai 7,000 zuwa 8,000mAh za ta cika kusan sau biyu, kuma kowane ciko yana iya kai ka yinin karatu idan ka kashe intanet ka rage haske. Laftof kuwa batirinsa yakan kai wat-awa 40 zuwa 55, wato cika ɗaya da ƙyar, shi ma sai idan laftof ɗin yana karɓar caji ta USB-C kuma fawa-bank ɗin irin mai ƙarfin nan ne mai tsada. Wanda ɗakin kwanansa ke kwana biyu ba a ga wuta ba, wannan lissafi kaɗai yana iya yanke masa shawara. Ƙaramin faifan sola na ɗaki ma yana cajin waya da tabulet ba wahala.

To me ya mayar da ita ta uku? Na farko, tabulet mai kyau ba ta da araha, mai arahar kuma ba ta da kyau. Waɗannan marasa suna da ake tallatawa da kibod da alƙalami da jaka duk a kwali ɗaya, ka buɗe littafi mai nauyi a kansu ka ga yadda shafi ke tsayawa yana tunani. Alƙalamin nasu roba ce kawai mai kwaikwayon yatsa, ba ya rubutu mai kyau. Araha ba ta ado. Mai alƙalamin gaske, irin Samsung Galaxy Tab masu zuwa da S Pen ko iPad da Apple Pencil da ake saye daban, kuɗinta ya kai ko ya wuce na laftof ɗan hannu mai lafiya. Na biyu, gyara. Idan fuskar Tecno ta fashe, a kasuwar Farm Centre ta Kano kafin ka gama shan lemo an sauya ta. Fuskar tabulet kuwa sau da yawa sai an aiko daga Legas, idan ma an samu. Na uku, kuma shi ne babba: tabulet ta karɓa ce, ba ta bayarwa ba. Ranar da aka ce ka rubuta, a nan take barin ka.

Kuma ranar rubutu tana zuwa ga kowa. Ɗalibin likitanci yana da kundin bincike a fannin lafiyar al'umma, ɗalibar nas tana da nata kundin da rahoton kula da mara lafiya, ɗalibin likitanci a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram kuwa ba ya zama dakta sai ya kare kundinsa a gaban malamai. Shafi sittin ko ɗari, da jadawalai, da madogara da za a jera bisa tsari, da gyaran malami da ke dawowa sau da yawa. Manhajojin nazarin alƙaluma da malamai ke nema, SPSS da Stata, ba sa hawa waya ko tabulet. Word da PowerPoint na tabulet suna nan, amma ragaggu ne, lambar shafi da jerin babi kaɗai sai su ɓata maka dare. Wanda ba shi da laftof yana ƙarewa ne a shagon buga takardu, yana biya shafi-shafi, mai bugawar kuma bai san sunayen magunguna ba, sai ya gyara maka su zuwa kalmomin da ya sani. Ko kuma aro wurin aboki, a daidai makon da shi ma abokin yake buƙata.

Akwai wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Jarrabawa ta koma kan kwamfuta. JAMB ta koma gaba ɗaya tun 2015, hukumar nas da ungozoma ta Najeriya ita ma da kwamfuta take jarrabawar rubutu ta samun lasisi, asibitocin koyarwa kuma sannu a hankali suna komawa ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Hannun da ya saba da kibod da linzami ba ya ɓata lokaci yana lalube. Yatsan da bai san komai ba sai shafa gilashi yana shan wahala a ranar.

Laftof sabo ba dole ba ne. Na ofis da aka yi amfani da su a Turai aka kawo, irin HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, sun fi sababbin masu araha ƙarko, kuma kayan gyaransu suna ko'ina, daga titin Beirut a Kano har Banex a Abuja. Amma a kula da abu ɗaya da masu shago ba za su ambata ba: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar injin Intel da ya gaza zubi na takwas. Idan aka ce maka "Core i5 ne" kawai, ba a gaya maka komai ba, domin akwai i5 na 2012 akwai na bara. Duba lambar da ke bin sunan: i5-8250U zubi na takwas ne, i5-4300U na huɗu. RAM ya zama 8GB, ma'adanar ta zama SSD ba tsohon faifai mai juyawa ba. Bambancin saurinsu ya fi duk wani abu da za ka ƙara wa kwamfutar. Raunin na hannu shi ne batir. Da yawa awa ɗaya ko biyu suke yi, shi ya sa za ka ga ɗalibai sun yi cincirindo a gindin soket ɗaya a ɗakin karatu. Ka sa kuɗin sabon batir cikin lissafinka tun farko. Zafin Maris da Afrilu ma ba ya masa daɗi, kada a ɗora shi a kan katifa.

Yanzu kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ɗalibin kiwon lafiyar al'umma, wanda aikinsa zai kasance a ƙaramin asibitin ƙauye da shiga gida-gida, ya zuba kuɗinsa a waya mai kyau da fawa-bank. Kundin ƙarshe ya lallaɓa da aro. Ɗalibar nas ko ungozoma, waya sannan laftof, kuma ba sai a shekarar farko ba. Ɗalibin likitanci shi ne mai zaɓi mai wuya, domin shekarunsa shida a Najeriya sun rabu biyu: na hadda a farko, sannan na asibiti da rubuta kundi. Idan a gida akwai laftof na Yaya ko na Baba da zai iya ɗauka lokacin buƙata, to ya sayi tabulet mai alƙalami a farkon shekara ta biyu, zai more ta fiye da kowa. Idan babu, laftof. A laftof ana iya karanta littafi, ko da ba daɗi kamar tabulet. A tabulet ba a iya SPSS ko da an so. Kuma laftof ɗin zai bi shi har shekarar horon asibiti da hidimar ƙasa da jarrabawar ƙwarewa. Shawarata ga iyaye ita ce kada a saya wa ɗan shekarar farko komai bayan waya. Shekarar share fage ce ta kimiyya, na'urar za ta tsufa kafin ainihin karatun ya fara.

Takarda ma ba ta mutu ba. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike 54 ya gano cewa mutane sun ɗan fi fahimtar rubutun ilimi a takarda fiye da a fuskar na'ura, musamman idan lokaci ya ƙure. Babin da ya gagare ka, ka buga shi ka bi da biro. Haka kuma masu makarantu da gwamnatocin da ke sha'awar rabon na'urori su tuna cewa an gwada: an kai ƙananan kwamfutocin shirin kowane yaro da laftof makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007, jihar Osun ta raba tabulet ɗin Opon Imo a 2013, kuma babban binciken da aka yi kan irin wannan shiri a ƙasar Peru, wanda ya fito a 2012, bai ga ƙaruwar makin lissafi ko na harshe ba. Na'ura tana taimakon wanda ya riga ya zauna karatu ne, ga malami ga wuta.

Ko wacce aka saya, abu biyu sun shafi mara lafiya kai tsaye. Na farko sirri. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan mara lafiya, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta ƙara ƙarfafa hakan. Ɗaukar hoton ciwo ko na fayil a tura zauren aji ba tare da izini ba laifi ne, ko da niyyar koyo ce, kuma a garuruwanmu zoben hannu ko zanen lalle ya isa a gane mutum. Ga ƙwacen waya da ya addabi birane: wayar da ba ta da makulli, duk abin da ke cikinta ya tafi hannun wani. A sa lambar sirri, a ajiye kwafin karatu da na kundi a Google Drive ko filashi. Na biyu tsafta. Wayar da aka taɓa bayan duba mara lafiya, da ita ake komawa ɗaki a ci abinci. A goge ta da auduga mai sinadarin alkohol kashi 70, kuma kada a taɓa ta da safar hannu. Adadin magani kuma a ɗauke shi daga jagorar asibiti ko manhajar magunguna da aka sani, ba daga ChatGPT da ire-irensa ba, domin suna iya ba da lambar da ba daidai ba cikin cikakkiyar natsuwa.

Ranar saye, ka tafi da wanda ya san kan abin, ka kuma tafi da filashi mai ɗauke da littafi mafi nauyi da kake da shi, ka buɗe shi a kan na'urar a nan cikin shagon. Idan laftof ne, a cire caja a bar bidiyo yana tafiya minti ashirin ka ga kaso nawa batirin ya sauka, ka danna kowane harafi, ka gwada kowace kafa. Idan iPad ce ta hannu, a goge ta gaba ɗaya a gabanka a sake kunna ta. In ta nemi asusun iCloud na tsohon mai ita, ko ta nuna tana ƙarƙashin kulawar wata makaranta ko kamfani, ajiye ta komai arahar ta. Idan tabulet ce ta Android, ka tambaya ko tana ɗaukar layi ko sai an jona ta da waya. Sannan a rubuta maka rasit mai lambar na'urar da adadin kwanakin da za ka iya dawo da ita.